Kara Ɗaya Ranar Kasuwa

Ni fa ban taɓa ɗaukar kaina mashayin sigari ba. Kara ɗaya ne ranar kasuwa, shi ma sai na zauna da taubashina a rumfar mai shayin da ke bayan tasha. Ɗan ƙanwar babana ne, tare muka tashi, kuma tun muna yara ba mu iya gaisawa sai da tsiya. Da zama ya gagara a ƙauyen Damari saboda 'yan bindiga, ya bar gonarsa ya dawo cikin gari da iyalinsa, yana taya wani auna hatsi. Idan kasuwa ta fara watsewa sai in same shi a benci, ya miƙo min kara, mu yi ta zagin juna har la'asar.

'Yata da ke karatun jinya ce ta ji warin a rigata da ta zo hutu.

"Baba, kara ɗayan ma taba ce," in ji ta.

Na yi faɗa, na ce yaushe aka haife ta. Ta bari na gama, ta ɗauki wayata ta sa min wata manhaja ta masu son dainawa. Abin kuwa da naci! Kullum sai ta lissafa min kwanakin da na yi ban sha ba, ta tambaye ni a ina nake sha, kuma da wa. Da na amsa, sai ta ba ni shawara in ƙaurace wa wurin da mutumin na ɗan lokaci. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a aji ina cewa yara su bi umarni, sai na bi tiryan-tiryan.

Ban faɗa masa dalili ba. Ina! In ce wa taubashina waya ce ta hana ni zama da shi? Da sai ya kai labarin har Tsohon Birnin Gwari, duk gidan biki a yi min dariya. Sai na riƙa zagayawa ta layin masu gawayi don kada ya hango ni.

Wata Juma'a ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Kai bawana, kuɗi ka yi ne ka daina ganin mutane?"

"To wa zai zauna da ɗan gudun hijira?" na ce.

Ya yi dariya, ni ma na yi. Tsakanin taubasai an faɗi abin da ya fi wannan muni, ba wanda ya riƙe. Wallahi ban tsaya na duba ba cewa wannan karon abin da na faɗa gaskiya ne, kuma a gaban jama'a. Na wuce ina jin daɗin na rama.

Da ruwa ya sauka ya koma Damari, ya ce ko me za a yi sai ya yi shuka. Bai yi min sallama ba. Na ji haushi, na ce ni ma ba zan neme shi ba sai ya neme ni. A can ciwo ya kama shi, hanyar dajin kuwa a lokacin ba kullum mota ke bi ba. Sai bayan an yi masa sutura labari ya iso mana.

Sigari dai na daina, har yau ban koma ba, amma ba na iya yin murna da abin. Da na je gaisuwa na tambayi matarsa me ya sa ba a kira ni ba, alhali akwai waya.

"Shi ya hana," ta ce, kanta a ƙasa. "Ya ce kada a ɗora maka nauyi, ka riga ka gaji da shi."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ji yadda maganar za ta fito, a gaban marayunsa. Sai na fasa. Har yanzu ita da yaran abin da suka sani ke nan game da ni.