Malam Maina, Wanda Ya Haɗa Dungas da Guci Ranar da Kuran Ya Ɗauke

Da an sallame sallar asuba, Malam Maina ba ya komawa shimfiɗa. Yakan fito da farantin sola tsakar gida, ya goge shi da gefen riga, ya jona tsohon batirin moto, ya zauna gaban wani ɗan akwati mai girman gwangwanin madara. Ƙarfe bakwai zai danna maɓalli ya ce, "Dungas ke magana. Guci, kun tashi lafiya? Dogo-Dogo, kuna ji na?" Sai kowa ya amsa sannan matarsa Ƙande ke samun kansa ya sha kunu.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Dungas. Daga matattun rediyon da ake bar masa yake ciro kayan ciki, ya nannaɗe siririyar waya da hannu, ya narka dalma da ƙarfen da ya gasa a garwashi, har ya haɗa na'urar da ke aika magana, ta kuma karɓo. Wutar da take ci ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya ba. Ya sha zirga-zirga kafin ya samo takardar izini. Daga nan ya haɗa wasu biyu, ya kai ɗaya Dogo-Dogo wurin Hamisu tela, ɗaya Guci wurin Hassana, ma'aikaciyar lafiya.

An yi masa dariya ba kaɗan ba. "Malam, zamanin salula kana hira da gwangwani?" Abin yakan sosa masa rai, amma sai ya ce, "Salula ɗan gata ne, sai da kuran. Nawa ɗan talaka ne, kaɗan ke ƙosar da shi."

Wata damina, iska ta kayar da turakun lantarki. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, rezon salula ya bi shi, wayoyin mutane suka zama duwatsu a aljihu. A rana ta huɗu, wajen azahar, akwatin ya yi ƙara. Muryar Hassana ce, can ƙasa-ƙasa.

"Baba Maina! Katanga ta faɗo wa Ukasha manomi. Ƙafa ta karye, jini ya ƙi tsayawa. Abin ya fi ƙarfina."

Maina ya ji batirinta na mutuwa. "Kashe, 'yata, kar ki ɓata wuta. Ki kunna bayan rabin awa."

Dattijon nan mai shekara sittin da biyar ya ruga asibiti ba takalmi. Direban motar marasa lafiya ya ce ruwa ya yanke hanya, ba zai iya ƙetarewa ba, amma zai je bakin ruwan ya jira. Maina ya komo yana haki, ya zauna yana jira, yana addu'ar Allah ya sa sauran wuta a batirin Guci. Da muryar ta dawo ya ce, "Ku ɗora shi a amalanke ku kawo shi bakin ruwan. Mota na jiran ku a wannan ƙetaren."

A kafaɗa aka ƙetaro da Ukasha. Yau yana ɗingishi, amma shi ke nome gonarsa, shi ke ciyar da 'ya'yansa biyar.

Bana Malam Maina ya rufe rumfarsa. Ido ya yi rauni, hannu na rawa, siririyar wayar nan ba ta ganuwa gare shi. Ba wanda ya shirya masa biki.

To, Malam, ga namu. Kai ne ka tsinci abin da muka yar, ka ceci rai da shi. Kai ne aka yi wa dariya ba ka rama ba, ranar da muka rasa ta yi kuma ba ka yi mana gori ba. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu idon gani da hannu mai ƙarfi, ƙofarsa a buɗe take, ilimin na nan daram a kansa. Ku je ku zauna gabansa tun yana iya ce muku, "A'a, ba nan ba, jona can."