Daeng Rewa Mai Yatsu Bakwai

Ku ba ni amsa: wane lambu ne ba a yi masa ban ruwa, ciyawarsa kuma da buroshin goge baki ake cire ta?

Ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Daeng Rewa a nan tsibirinmu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Rewa, tare muka tashi, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Kai ka kashe murjanin bakin tekunmu, duwatsun nan masu rai da kifaye ke gida a cikinsu. Shekaru kana haɗa bam da takin zamani a kwalba kana jefawa ruwa, ta fashe, kifi ya taso matacce ka kwashe, har ranar da wata ta riga ka, ta fashe a hannunka, ta tafi da yatsu uku. Da na zo dubiya na ce teku ta yi maka rangwame.

Kana warkewa ka roƙi hedimasta ya ba ka 'yan aji biyar duk Asabar. Ka koya musu ɗaure gutsattsarin murjani mai rai a jikin ƙarafa, a nutsar, a riƙa goge gansakuka kada ta shaƙe shi. Gida-gida ka bi kana roƙon tsofaffin buroshi. Na hana ka nawa, na ce haƙora huɗu suka rage mini, ina lallaɓa su.

Ka yi dariya, ka ce: "Kebo, na nemi gafarar Allah. Saura ta kifi, su kuma sai sun ga gida."

Asabar ɗin bayan jana'iza iyaye suka ce ba yaron da zai yi nutso babu babba a jirgi, maza kuwa sun fita kamun kifi. Jikata Tenri ta ce in aka daina gogewa aikin shekara shida ya mutu. Ni da ban iya iyo ba na hau kwalekwalenka, igiya a dama, carbi a hagu, ina ƙirga kawuna. Sha ɗaya suka shiga, sha ɗaya suka fito. Tenri ta ɗago tana haki: "Kaka, ƙananan kifaye sun tare a ƙarfe na uku, har cizona suke yi."

Ka ji, tsoho. Sun ga gida.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka na farko saboda na ƙarshe. Daeng Sunggu uwargidan Rewa, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙuri.

Lambun kuwa na murjani ne, yana nan zurfin gaba bakwai ƙarƙashin ruwa, gabas da masallaci.