Bahagon Amurka da Gogen 'Yan Bori

Aji huɗu na yi a lakwal ta Filinge aka koro ni, don haka duk maganar Nasara a unguwarmu ni ake kira, ko ban gane ba sai na fassara. Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya gama da shanu, wani Ba'amurke mai gina rijiyoyi wajen Damana ya bar mini rediyonsa da kaset ɗaya. A kwalin akwai hoton wani baƙin mutum mai tulin gashi, ya rungume gita. Ba'amurken ya ce mutumin ya mutu da ƙuruciyarsa, amma masu gita na ƙasarsu har gobe sawunsa suke bi. Da na kunna, na zaci raƙumi ake yankawa.

Abokina ne ya ga abin da ban gani ba. Ubansa ke yi wa 'yan bori goge, amma ya ƙi ya gadar masa saboda abokin nawa bahago ne. A wurinmu ba a miƙa wa babba abu da hagu, balle a kira iskoki da ita.

Ya ce, "Mushe, malam mai aji huɗu, duba nan. Da wane hannu yake kiɗa?"

"Da hagu."

"Kuma aka saurare shi?"

"Har suma ake yi," in ji ni, sai ka ce ina wurin.

Da na kama bakina da ya fi. Kullum yana ɗakina, kunne a jikin rediyo, har pil, wato batir, ya mutu.

Da ruwa ya ƙi sauka, aka shirya wasan roƙonsa. Tsohon, uban abokina, yana kwance da zazzaɓi. Abokina ya ɗauko gogen ba izini, ya riƙe izgar da hagu, ya ja. Wallahi ban taɓa jin goge ya yi kuka irin wannan ba. Amma daga hantsi har la'asar ba wanda iska ta hau. Mata suka fara naɗe tabarmi. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ka kore mana iskokin."

Gero ya bushe a tsaye. Da tsohon ya samu sauƙi, a gaban jama'a ya miƙa gogen ga ɗan ƙanensa, wanda kiɗansa ko akuya ba ya tayarwa. Ranar kasuwa abokina ya hau motar Yamai. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Shi bai dawo ba, ko zaman makokin ubansa.