Motar Sanarwa da Shanun Baffa

A gidanmu ba a gaskata labari daga baki ɗaya. Baffa, mahaifina, makiyayi ne a bayan garin Gwandu, kuma yana riƙon labari yadda alƙali ke riƙon ƙara: sai an kawo shaidu biyu. Rediyon jiha shaida ɗaya ne. In rediyon ƙasar waje da yake kamawa da safe ya maimaita maganar, to ta zauna. In bai maimaita ba, gwamnati ce ke wasa kanta.

Motar ofishin yaɗa labarai kuwa, mai lasifika a ka, ko cikin shaidu ba ya sa ta. Ya ce ita da rediyon jiha uwa ɗaya uba ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Motar nan ta yi shelar taki, har aka yi girbi ba a ga buhu ba. Ta nuna mana majigi, ga famfo yana ambaliya a wani ƙauye, da muka bi ta ƙauyen sai muka tarar awaki ke kwana a gindinsa.

Wata ranar kasuwa ina zaune gaban ƙwaryar nonona motar ta tsaya. Mai lasifika ya ce ciwon bushiya mai kashe shanu ya shigo ƙasa, kowa ya kai shanunsa a yi musu allura, kyauta ne. Wannan kyautar ita ta tsaya mini a wuya, don ruwa ba ya tsami banza. Amma na tuna shanunmu. Cikin garken akwai farar saniyata, jikar wadda aka ba ni ran suna. Ita kaɗai na mallaka a duniya, ga ta da ciki.

Na kai wa Baffa labari.

"Kyauta?" in ji shi. "Ɗiyata, yaushe gwamnati tat taɓa ba mu abu kyauta? Ƙidaya suka so. Jangali za su maido."

Ya shiga sauraron rediyon waje. Suka yi ta zancen yaƙe-yaƙen ƙasashen da ba mu san inda suke ba, ba wanda ya ambaci shanunmu. Ana haka kawuna na Dalijan ya biyo da nasa garken, an yi musu allurar, kowace an tsaga mata kunne don a san an yi. Baffa ya kama kunnen ɗaya ya daɗe yana dubawa.

"Ka gani? Sun sa ma su lamba. Shanunka sun zama nasu."

Wallahi ni ma tsagar nan ba ta kwanta mini ba. Duk da haka, da na ji zai kora garken zuwa fadamar Kalgo don ya ɓace wa masu allura, na durƙusa gabansa.

"Baffa, a bar min tawa gida."

"In sun ga guda, za su tambayi sauran. Ki yi haƙuri."

Na ji haushinsa ƙwarai, amma ɗiya ba ta ja da uba kan shanu. Abin da ba mu sani ba, duk wanda ya yi irin tunaninsa Kalgo ya nufa. Garke kan garke, ba ko ɗaya da aka yi wa allura, mashaya guda. Ciwon bai sha wahalar nemansu ba.

Shanun kawu suna nan suna kiwo da tsagaggun kunnuwansu lokacin da Baffa ya dawo. Na hango shi tafe da ɗan abin da ya saura, na duba, na sake dubawa, ban ga fari a cikinsu ba. Bai shiga gida ba. Ya tsaya bakin shinge ya kira ni, ya miƙo mini igiyar saniyata a naɗe, idonsa a ƙasa.

"Ta haihu," ya ce. "Mace. Tare na rufe su."