Malam Uwaisu da Garin Toka

Kowace Alhamis, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, Malam Uwaisu zai jingine kekensa a wata firamare da ke bayan Sabon Birni, ya ɗebo toka a kwano, ya zana tsohuwar Kano a filin makaranta. Nan dutsen Dala, nan maƙera, nan itacen da mutanen da can suke yi wa yanka. Sai ya raba wa 'yan aji biyar katunan da ya yanka daga kwalin sabulu: kai maƙeri, ke mai tsaron itace, ku fatake. Kowa ya rayu yadda katinsa ya ce. Shekara talatin da biyu abokan aiki na tsokanarsa da Sarkin Toka, shi ko a jikinsa.

Wasan nan ya kusa raba shi da aikinsa. Wata rana ɗalibarsa Rahama ta koma gida ta ce, "Baba, yau ni ce mai tsaron tsafi." Washegari mahaifinta, Alhaji Muntari, ya faɗo makaranta a fusace, ya rantse sai ya kai ƙara ofishin ilimi na Gwarzo an kori mai koya wa yara shirka.

"Alhaji, wasan bai ƙare ba," in ji Malam. "Ka dawo Alhamis. In bai yi maka ba, ni zan raka ka Gwarzon."

Ya dawo, aka ba shi benci. Ranar ce Wangarawa, fataken da suka kawo Musulunci, suka iso garin tokar da allunansu. Dokar wasan ɗaya ce: ba tilas, sai bayani. Rahama ta riƙe ƙugu ta ce, "A kan wannan na tarar da kakannina. Don me zan bi ku?" Yaran da suka fito a Wangarawa suka fara lalubo amsa daga karatun Islamiyya, wannan na gyara wa wancan. Sai da ta gamsu ta ajiye katinta.

Alhaji ya taso daga bencin. Ya ce, "Malam, shekara arba'in ina salla, ban taɓa tuna cewa sai da wasu suka sha wuya ta iso mana ba."

Malam, kai ne ka sa yaranmu suka san abin da aka bari da dalilin barinsa. Wannan watan kake ritaya, kuma wallahi za mu yi kewarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman Gwarzo da Kabo, toka dai akwai ta a kowane gida, ku ɗebo. Kwanon Malam kuwa yana hannun sabuwar malamar aji biyar, Malama Rahama, kuma daga murhun gidan Alhaji Muntari ake ciko shi.