Kuben da ya hana shi durƙuso

Saura kaɗan kuben bindiga ya hana ni aure, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya.

Mijina jandarma ne, wato jami'in tsaro. Lokacin yana nemana an turo shi aiki Madarunfa, mu kuma muna Safo. Hanya ba ta da tabbas a shekarun nan, shi ya sa ko da kayan gida zai fita, ƙaramar bindigarsa na jikinsa. Kuben da aka ba shi a wurin aiki busasshiyar fata ce mai tauri kamar ƙwarya, a maƙale da bel a gaban ciki. In ya zuba babbar riga ba mai ganin komai. Matsalar tana wajen gaisuwa. Da ya fara lanƙwasawa sai kuben ya soke shi a mara, sai ya tsaya rabi, ya miƙe yana cije leɓe.

Mahaifina kuwa da durƙuso yake auna mutum. Bayan zuwan farko ya ce da innata: «Yaron ga girman kai gare shi. Wanda bai iya kai gwiwa ƙasa, ban ba shi ɗiyata.»

Na ji haushi ƙwarai, don ina son shi. Da ya dawo zance na tare shi ba ko sannu. Sai ya ɗaga riga ya nuna mini kuben bindiga da inda ya sa fatar mararsa ta yi baƙi. Tausayi ya kama ni, dariya kuma ta ƙi tsayawa.

Na ce: «To kai ba ka da baki ne?»

Ya ce: «In ce ma suruki na shigo mishi gida da bindiga?»

Ni na tura shi wajen wani baduku a kasuwa, wanda ke yi wa innata gidan laya. Ya ɗinka masa sabon kube da fatar jan akuya mai laushi, da igiya a kafaɗa, bindigar ta koma ƙarƙashin hammata. Ya ce sai da badukun ya sa shi ya yi ta durƙuso a rumfa, masu wucewa na kallon ƙaton jandarma yana gaida buhun fata.

Ranar Juma'a ya zo. Ina laɓe bayan danga ina leƙe. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zube ƙasa gaba ɗaya, ya gaida gida, ya gaida gona, har jakinmu sai da ya tambayi lafiyarsa. Mahaifina ya bar shi a ƙasa ya daɗe, sannan ya dafa kafaɗarsa, daidai kan igiyar, ya ɗan murza ta da yatsa.

Ya ce: «Ashe ƙarhen ga ne ya riƙe ka wancan karo. Tashi haka nan, ɗana. Ka turo manyanka.»