Baba Injiniya, Mai Lallashin Na'urorinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, ina zaune a teburin karɓar baƙi na otal ɗinmu, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa, bayan jinyar kwana shida. Na ajiye wayar, na rasa wanda zan fara gaya wa, domin duk abin da ya lalace a gidan nan kai muke fara nema.

Shekara goma sha ɗaya na yi aiki tare da kai. Ba ka taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, mu muka liƙa maka sunan, kai kuma ka karɓa kana dariya. Na'urorin sanyaya ɗakunanmu tsofaffi ne, kowace da halinta. Ta ɗaki na uku ɗigar ruwa take yi, ta ɗaki na tara sai an ɗan bubbuga gefenta take tashi. Baƙo zai sauko yana zufa, yana zazzaga mini masifa, ni kuma in leƙa bayan gida in ce, "Baba, an taso mu." Sai ka saɓa tsaninka ka ce, "'Yata, ba da ke yake faɗa ba, da zafi yake. Ba shi ruwan sanyi, ina zuwa."

Ba zan manta da matar da ta sauka a ɗaki na sha huɗu da 'yarta mai ciwon sikila ba. Asibiti suka zo ganin likita. Na'urar ɗakin ta ƙi jin rimot: in an kunna ta, sanyi ya yi yawa har yarinyar ta fara kukan ciwon ƙashi, in an kashe, ɗakin ya koma kamar tanda. Duk ɗakuna a cike suke, abin gyaran da za a canza wa na'urar kuma sai la'asar za a kawo. Uwar ta tsaya a gabana idonta ya ciko, ta ce ba ta san kowa a garin ba.

Kai kuwa kujera ka jawo, ka zauna a baranda inda makunnin yake. Ka kunna minti biyar, ka kashe minti goma, kana kallon agogon hannunka. Daga azahar har bayan la'asar kana nan, abincinka ya huce a gefe. Lokaci-lokaci ka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali ka ce, "Maman yarinya, yaya kuke ji yanzu?" Yarinyar ta samu barci. Da uwar ta fito yin godiya, sai ka ce ai hutawa ka yi, rabonka da zama haka tun da aka ɗauke ka aiki.

Kana da faɗa, gaskiya. Ranar da manaja ya ce a bar wani dattijon baƙo da na'urar ɗakinsa ta lalace da fanka zuwa gobe, ciro abin gyaran ka yi daga na'urar ofishinsa ka ɗaura wa baƙon. Manaja ya wuni yana fifita da jarida, kwana biyu bai kula ka ba. Shi ne jiya ya fi kowa kuka.

Da muka je gidanka gaisuwa, na ga ɗakinka. Tsohuwar fanka ce guda ɗaya, an ɗaure wuyanta da waya. Mama, matarka, ta lura ina kallo, ta yi murmushi ta ce, "Kullum cewa yake sai wani mako zai gyara ta."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da duk abokan aikinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka huta. Baba, Allah Ya sanyaya makwancinka. Amin.